Gidan da ba ya ƙarewa: wa zai ji tsoronsa a Tawa?

Nafisa: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ku taya ni warware wani abu. Wata uku ke nan ina fama da labarin ban tsoro da nake rubutawa, na kai babi na huɗu na cije. Wata yarinya ce ta tafi hutun lakkwal gidan kakanninta a Tawa, sai ta lura gidan ba ya zama wuri ɗaya. Ɗakin da ta kwana jiya, yau ya koma bayan rumbu. In ta ƙirga ƙofofi da hantsi bakwai ne, da almuru tara. Ta shiga zaure ta fita, sai ta tarar da wani zauren. Na ba wata ƙawata a nan jami'a ta karanta, ta ce wai tsoron Turawa ne na aro na ɗaura masa zane da kallabi. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske gida marar iyaka mai sauya kama ba namu ba ne, ko ni ce ban iya ba da labarin ba?

Abdul Karim: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Turawa sun daɗe suna tatsar wannan saniyar. A littafin Shirley Jackson na 1959, The Haunting of Hill House, maginin gidan da gangan ya karkatar da kowace kusurwa kaɗan, ba bangon da ya tsaya daidai, har ƙofa in ka bar ta buɗe sai ta rufe kanta. A 2000 kuma Mark Danielewski ya fitar da House of Leaves, inda maigida ya auna gidansa ya ga cikin ya fi wajen faɗi da rubu'in inci, wajen milimita 6 ke nan. Daga baya wata ƙofa ta bayyana a bangon falo, bayanta lungu mai duhu da ke ta miƙewa, alhali ta waje ba komai a wurin sai fili. Duk mai rubuta irin labarinki yau, ko ya karanta su ko bai karanta ba, a inuwarsu yake zaune.

Musa Magini: Milimita 6? Malam, in na auna ɗaki ciki ya fi waje, ba aljani zan zarga ba, mitar zan jefar in sayi sabuwa a kasuwar Katako.

Abdul Karim: Haka shi ma ya ɗauka. Ya sake awo, ya kira ɗan'uwansa da abokinsa da kayan awo na zamani, duk da haka cikin ya fi wajen.

Musa Magini: To in mita uku suka faɗi magana ɗaya, sai in kwashe cebur da kwano in ce wa maigida ya riƙe kuɗin aikinsa, na yafe.

Zara'u: Hahaha Baba Musa! Amma ka ga ai ka ba Nafisa amsa. Ba dodo, ba fatalwa, ka riga ka gudu.

Tanti Rabi: Nafisa ɗiyata, shekara talatin ina koyarwa kuma tun ina ƙarama nake jin tatsuniya a bakin kaka, bari in gaya miki inda nake ganin kin samu cikas. Duba inda tsoronmu yake zama. Gindin kuka, gindin tsamiya, tsohuwar rijiya, juji, kufai, hanyar daji da tsakar rana, bakin tafki da almuru. Duka a waje suke. Ko cikin gida, wurin da ake ce wa yaro ya yi addu'a kafin ya shiga makewayi ne, shi ma a gefe yake. Gida a wurinmu can ake gudu a ɓuya. Kuma wane gida? Gidan da na tashi a Fakuwa mu fi talatin, ga kishiyoyi, ga jikoki, ga almajirai a zaure, ga tumaki, ga ƙarar turmi tun asuba. Ina aljani zai samu shirun da zai motsa bango ba a gan shi ba? Bature yana kwana shi da matarsa da ɗa ɗaya cikin gida mai ɗaki goma, a tsakiyar itatuwa, maƙwabci sai an shiga mota. Dole ƙarar katako ta zame masa fatalwa. Tsoronsa na kaɗaici ne, ke kuma kin ɗauko shi kin sa a gidan yawa.

Nafisa: Tanti wannan ta shige ni. Gaskiya a babi na biyu sai da na kashe kowa na gidan da tafiya biki Ƙonni don in samu yarinyar ta zauna ita kaɗai, kuma ni kaina na ji abin bai zauna ba.

Ɗan Bilbis: Tanti, ki yi mini gahwara, ban yarda da ke duka ba. Ni abin ya taɓa hwaɗa mini, kuma gidan cike yake da mutane.

Shekara tara na yi Abijan ban zo gida ba. A cikinsu Baba ya rasu, aka raba gado, duk ta tarho nike jin labari. Ranar da na dawo motarmu ta iso Tawa wajen ƙarhe ɗaya na dare, an ɗauke kuran, batirin wayata ya mutu tun Dogonduci. Na hau kabu-kabu ya aje ni bakin lungunmu. Na ce ai gidan da aka yanke mini cibiya ne, ko ido ruhe na san shi. Daga zaure taku goma sha biyu sai ka karya dama, akwai ƴar matakala guda, sai ɗakin Inna. Na shiga zaure, na yi sallama a hankali kar in tada mutane, na hwara ƙirga taku. A na bakwai goshina ya daki bango. Bango a inda muke buga ƙwallo muna yara! Na shahwa da hannu, ba ƙasa ba ce, bulo ne na siminti mai kaushi. Na bi shi da lalube har na samu wata ƙohwar kwano, na tura, na hita wani hili da ban sani ba. Darbejiyar tsakar gida da na sani a hannun hagu, ga inuwarta a dama. Wallahi Tanti, gwiwata ta yi sanyi. Ban yi tunanin aljani ba ko kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne ko na mutu a hanya ban sani ba. Sai wata mata ta haske ni da tocila daga wani ɗaki tana ihun ɓarawo da Zabarmanci. Ashe yayana ya sa ƴan haya a rabonshi, ya toshe tsohuwar ƙohwa, an huda wa Inna wata ta lungun baya. Da ba don wani tsoho maƙwabci ya gane muryata ba, da na sha sanda a gidan ubana.

Har yau in na shiga zauren nan ƙahwata dama take son karyawa.

Zara'u: Innalillahi. Yaya Sani, wannan ai shi ne labarin, ba sai an ƙara gishiri ba.

Tanti Rabi: Allah ya jiƙan Elhaji. Sani, na ji ka, kuma na janye rabin maganata. Rabi kawai fa.

Musa Magini: Tun da an zo fagena bari in yi magana ta hankali. Abin da Sani ya gamu da shi ba baƙon abu ba ne, haka gidan Bahaushe yake tun fil azal. Bature yana zana gida a takarda, ya gina, ya ce an gama. Mu ba mu da ranar gamawa. Yaro ya isa aure, a yanka masa gefe a yi ɗaki da ƴar katanga. An yi amarya, a ƙara. Tsohuwa ta rasu, a bar ɗakinta damina biyu ya zube, a kwaɓa ƙasarsa a yi tubalin wani. Ginin ƙasa kuma kowace shekara sai an yi masa yaɓe, to bango yana ƙara kauri, lungu yana ƙara matsewa. Akwai lungun da na ratsa da jaki ɗauke da mangala ina saurayi, yau ko baro ba ya wucewa. Sannan azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ya wuce kamu huɗu ko kusa da haka, shi ya sa ɗakunanmu na da ƙanana ne, in kana son girma sai ka jera su, wannan ya buɗe cikin wancan, ko ka ɗaure baka. Daga zaure a faɗa shigifa, kuma ba a taɓa sa ƙofofin su kalli juna, don kar na waje ya hango cikin gida. Wato da gangan muke gina gida ya rikita baƙo.

Ku je garin Yama da ke jihar Tawa ku ga masallacin Juma'a. Falke Barmu ya fara shi a 1962, ɗan gini mai sauƙi. A 1975 da aka tashi gyara ya sake rufin ya sa ƙubba, sannan ya bi kusurwa huɗu da hasumiya, kowace da irin surarta, ba a kammala ba sai 1982. A 1986 aka ba shi kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Wanda ya yi salla a ciki a 1965 ya tafi ci-rani ya dawo bayan shekara ashirin, ai ba masallacin da ya bari zai tarar ba. Ba wanda ya ce aljanu ne.

Abdul Karim: Baba Musa ka tuna mini gidan Winchester na San Hose a Kalifoniya, wanda kusan duk masu irin wannan labari suke jinginuwa da shi. Sarah Winchester, mijinta na gidan masu ƙera bindigar nan ne, ya rasu a 1881 ya bar mata dukiya. Ta sayi ɗan gidan gona ta yi ta ƙara masa ɗakuna har ta rasu a 1922. Yau ɗaki wajen 160 ne, akwai matakalar da ke ƙarewa a rufi, akwai ƙofar bene da in ka buɗe ka taka sai ƙasa. Labarin da ake sayar wa masu yawon buɗe ido shi ne wai kurwar waɗanda bindigar ta kashe ke bin ta, in ta daina gini za ta mutu. Amma masu bin tarihinta sun ce ba hujjar hakan daga bakinta, kuma girgizar ƙasar 1906 ta rushe saman gidan, aka toshe wasu wurare ba a sake ginawa ba, shi ya bar wasu ƙofofin a rataye.

Musa Magini: Ka ji ko. Hajiya ce mai kuɗi da son gini, ba ta da mai ce mata bari. Irinta nawa na yi wa aiki a Yamai? Yau a fasa nan, gobe a mayar. Akwai wadda na gina wa matakala sau uku.

Malam Habu: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Tunatarwa kawai: aljanu gaskiya ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, kuma ya tabbata a hadisi cewa shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Baƙara. Nafisa, rubuta labarinki, ƙirƙira ce kowa ya sani, amma kar ki sa boka ya zama shi ne mai ceto a ƙarshe yadda ake yi a wasu finafinai. Kuma kar ki ambaci gidan wani na gaske. Na san gidan da yara suka laƙa wa sunan gidan aljanu da wasa, marayun da suka gada suka shekara biyar ba mai haya ba mai saye.

Nafisa: Na gode Malam, in sha Allah ba boka a ciki. Unguwar ma ban ba ta suna ba.

Zara'u: Ni abin da nake so in ƙara, muna da kalmar abin nan tun kafin mu ga fim: makuwa. Ba ɓata hanya ba ce irin ta baƙo. Makuwa ita ce ka san wuri sarai, sai gabas ta koma maka yamma, ka tashi salla ka ba alƙibla baya a ɗakinka. Ta taɓa kama ni a Babbar Kasuwar Yamai, wurin da nake zuwa sayen atamfa tun ina budurwa. Layi iri ɗaya, rumfa iri ɗaya, na wuce mai sayar da kwanukan silba ɗin nan sau uku, a na ukun ya ce Hajiya zauna ki sha ruwa. Da na zauna na rufe ido na buɗe sai kasuwar ta juyo ta dawo daidai, kamar an murɗa faifai. Tsofaffi cewa suke mutanen ɓoye ne suka ratsa da kai.

Abdul Karim: Yaran yanzu na intanet irin wannan suke so. A 2019 wani ya saka hoton wani wuri fayau, bango ruwan ɗorawa, kafet, fitilun silin, ba taga ba mutum, aka rubuta a ƙasa cewa in ka zame daga duniya can za ka faɗa, ɗaki bayan ɗaki ba iyaka. Suna ce masa Backrooms. A 2022 wani yaro ɗan shekara 16, Kane Parsons, ya yi masa ɗan fim a YouTube, miliyoyi suka kalla. Daga baya aka gano hoton wani tsohon kantin kayan ɗaki ne da ake gyara a jihar Wiskonsin. Amma ni a nan nake rabuwa da salon. Da zarar gida ya zama ba iyaka, tsorona ya kan ragu. Lungu na farko gabana ya faɗi, na goma ina hamma. Sai marubuci ya ga mai karatu ya gaji, ya jefo dodo mai dogayen hannuwa ya bi mutum da gudu, shi ke nan an koma wasan yara. Milimita 6 ɗin can ta fi kilomita dubu ban tsoro a wurina, don ita ce za ta iya faruwa a ɗakina yau da dare.

Zara'u: A'a Abdul, rashin iyakar ma yana da nasa. Masu bori suna maganar Jangare, birnin iskoki mai gidaje goma sha biyu, ba mai nuna maka inda yake, kuma an ce wanda ya shiga ba ya dawowa. Ba dodon da ya bi ka da gudu. Rashin dawowar ne abin.

Abdul Karim: Birni ne ai, ba ɗakin kwananki ba.

Zara'u: To gidan kakan Nafisa da ƙofa tara ai ya kama hanyar zama birni.

Tanti Rabi: Ku bar gardamar nan in faɗi rabin da ban janye ba. Na ce tsoron gida na kaɗaici ne, kuma ina nan a kai. Abin da ya canja shi ne kaɗaicin ya iso mu. Ku zaga sababbin kartiye na bayan gari a Tawa ku ga. Etaj-etaj na ƴan ci-rani, kuɗin Abijan da Libiya da Kamaru, ana turowa kaɗan-kaɗan. Bana a zuba dal, baɗi a ɗora bulo layi biyar, rodi tsaye a sama kamar ƙahon barewa yana jiran hawa na gaba. Maigidan a hoto yake ganin gidansa. Mai gadi da iyalinsa suna cikin ɗaki guda a ƙasa, sauran goma sha ɗaya jemagu da tantabaru. Na taɓa shiga ɗaya neman wata ɗalibata, ɗiyar mai gadin. Na hau matakala ba makari, na tarar da ƙofa an kafa mata firam har da fenti shuɗi, na leƙa, babu komai bayanta sai iska da gonar gero a ƙasa. An bar ta don barandar da ba a kai ga yi ba. Yarinyar ta ce mini ƙannenta ba sa hawa can in rana ta faɗi, wai suna jin ana jan buhun siminti.

Musa Magini: Tanti wannan ƙofar ni ma na kafa irinta, ba ɗaya ba. Kuɗi ne ke yankewa. Jan buhu kuwa, a duba mai gadin da kyau.

Ɗan Bilbis: Baba Musa ka bari, nawa ginin ma yana unguwar Koweit shekara shida a linta. Kar Nafisa ta sa shi a littahi.

Nafisa: Yaya Sani ai har na buɗe sabon shafi, hahaha. Amma da gaske, kun juya mini labarin. Kuskurena shi ne na kori mutanen gida don gini ya samu damar motsi. Yanzu zan bar su duka, talatin ɗinsu, ana daka ana surfe ana faɗan kishi. Gidan yana ƙaruwa, kowa yana da dalili mai kyau: ai kawunki ne ya turo kuɗi, ai ɗakin amarya ne, ai tun bara yake nan ke ce ba ki lura ba. Ita kaɗai ce take ƙirga. Sai ranar da ta je gaida kakarta ta tarar da bango a wurin ƙofar, ta tambaya, a ce mata wace kaka?

Zara'u: Kai! Nafisa tsigar jikina ta tashi.

Abdul Karim: Wannan ya fi. Shawara ɗaya: kar ki bayyana dalili a ƙarshe. Ba tsohon kabari a ƙarƙashin gida, ba alkawarin da kaka ya yi da iska. An gaji da su.

Tanti Rabi: Ni kuma ina ganin mai karatunmu zai ji an cuce shi in ba a ba shi ko ɗan zare ba. Tatsuniya ma ana cewa ƙurunƙus. Ki bar alama ɗaya. Bangon da aka toshe ƙofa ba ya ɓuya, yaɓen wurin ya kan fi sauran haske, kuma ƙasan dokin ƙofa ya kan bar ɗan tudu. Ki sa ta durƙusa ta shafa ta ji shi.

Musa Magini: Gaskiyar Tanti. Kuma damina ta farko tsaga ce za ta fito ta zana ƙofar ɗas, don sabon gini da tsoho ba sa shan ruwa daidai. Ko siminti ne sai ta nuna.

Ɗan Bilbis: Tamu ta nuna. In kin zo hutu ki zo Bilbis in kai ki ki gani, Inna har ƙusa ta kahwa a tsakiyar tana rataya carbi.

Nafisa: Ina zuwa ƙarshen wata in Allah ya yarda. Baba Musa, za ka ara mini mita? Ina so in auna zauren gidanmu ciki da waje, in ji yadda hannu ke yi.

Musa Magini: Zan kawo miki biyu. Ki cire kaurin bango kafin ki kira ni da kuka.

Tanti Rabi: Kuma da hantsi za ki yi awon, ba bayan magariba ba.